Likitan Yara da Manya: Yadda Mai Nema Zai Auna Shirye-shiryen Med-Peds a Amurka

A Amurka akwai wani horon ƙwarewa da ba mu da irinsa a Najeriya ko Nijar. Likita yana shiga bayan ya gama makarantar likitanci, ya yi shekara huɗu, ya fito da damar zama jarrabawar hukumomi biyu: ta likitocin cututtukan manya, wato ABIM, da ta likitocin yara, ABP. Sunansa a bakin kowa can Med-Peds. Da mutum zai bi kowane fanni daban, shekara uku-uku zai yi, shida ke nan. A nan an matse su sun koma huɗu, wata 24 wajen manya, wata 24 wajen yara. Hukumomin biyu sun amince da wannan haɗi tun 1967, jami'o'in Rochester da North Carolina na cikin waɗanda suka fara, yau kuma shirye-shiryen sun kusa 80, suna ɗaukar mutum wajen 400 a shekara. Fannin manya zalla yana da gurabe sama da 10,000, na yara wajen 3,000. Med-Peds ƙaramar duniya ce, kusan kowa ya san kowa, kuma da wuya a tashi rabon gurabe a bar ragowa.

Duk wanda ya buɗe shafukan intanet na shirye-shirye goma zai rantse mutum ɗaya ne ya rubuta su. Kowa na cewa yana da daidaito tsakanin fannonin biyu, kowa na cewa likitocinsa kamar 'yan gida ɗaya suke. Akwai dalili. Hukumar ACGME da ke tantance horon likitoci ta gindaya mafi ƙarancin abin da kowane shiri zai koyar: watannin ɗakin kwanciya, na sashen kulawa ta musamman, na jarirai, na gaggawa, na kilinik. Ta kuma ƙayyade awoyin aiki tun 2003, kada su wuce 80 a mako idan aka yi lissafin makonni huɗu. Saboda haka manhaja a takarda ba ta raba gardama. A ganina abubuwa biyu ne suke raba shiri mai kyau da wanda za a yi shekara huɗu ana da-na-sani: ƙarfin ɓangaren da ya fi rauni a cikin biyun, da kuma ko shirin yana da gida nasa na kansa. Sauran abubuwan duk suna da muhimmanci, amma a bayan waɗannan suke.

Kafin a kai can, sai mai nema ya tabbatar wannan fannin yake so. Da yawa suna haɗa shi da likitancin iyali, tunda shi ma yana duba yaro da babba. Likitancin iyali shekara uku ne, yana shiga awon ciki da karɓar haihuwa da ƙananan ayyukan tiyata, ƙarfinsa kuma yana kilinik. Med-Peds ba ya taɓa haihuwa. Abin da ya ɗauka maimakon haka shi ne zama mai tsawo a ɗakunan kwanciya da sassan kulawa ta musamman na manya, na yara da na jarirai, sannan ƙofar zurfafa ƙwarewa a kowane ɓangare a buɗe take gare shi: zuciya, ƙoda, jini, cututtuka masu yaɗuwa da sauransu. Wanda burinsa ya zauna a ƙaramin gari yana karɓar haihuwa yana duba kaka da jika, likitancin iyali ne nasa. Wanda hankalinsa ke kan mara lafiya mai rikitacciyar cuta, ko shekarunsa nawa, shi ake wa magana a nan.

Mu da muka tashi inda kusan kowace unguwa ke da mai sikila ba ma buƙatar dogon bayani kan amfanin irin wannan likita. Najeriya ce ke da masu wannan cuta mafi yawa a duniya, ƙiyasin da aka saba kawowa jarirai kimanin 150,000 ne a shekara. A Amurka masu ita kusan 100,000 ne, yawancinsu suna kai girma, kuma lokacin da ya fi haɗari gare su shi ne 'yan shekarun da ke biye da barin asibitin yara. Ɗauki yarinya 'yar shekara 19. Tun tana goye likita ɗaya ke ganinta, nas-nas sun san wace jijiya ce ke karɓar allura a hannunta, sun san maganin ciwon da ke mata aiki da adadinsa. Yau da tsakar dare ciwo ya tashi, an kai ta sashen gaggawa na manya. Wanda ya karɓe ta bai taɓa ganinta ba. Ta faɗa masa sunan maganin da ma'auninsa, saboda ta san jikinta, shi kuma wannan sanin ne ya sa ya fara zargin ko mai neman ƙwaya ce. Ta yi awoyi a kan gado tana murƙususu kafin a yarda da ita. Irin wannan giɓi yana nan ga waɗanda aka haifa da ciwon zuciya, waɗanda a Amurka manyansu sun fi yaransu yawa yanzu, da masu ciwon suga tun ƙuruciya, da waɗanda suka warke daga kansa suna yara. Likitan Med-Peds an horar da shi ne ya tsaya a wannan gaɓa. A 2020, da korona ta cika asibitocin manya har aka riƙa kwantar da manya a asibitocin yara, su aka fi nema. A ƙarshen 2022 kuma, da cututtukan numfashi suka cika gadajen yara, aka sake juyowa kansu.

To, ɓangaren da ya fi rauni. Kowane shirin Med-Peds ɗan sassa biyu ne, sashen manya da sashen yara, kuma ba kasafai suke zama daidai ba. Jami'a tana iya yin suna a duniya saboda asibitin yaranta, amma sashen manyanta ya zama na tsaka-tsaki, ko akasin haka. Mai nema yakan ruɗu da ɓangaren da ya yi suna, ya manta cewa rabin horonsa cif a ɗayan zai yi shi, kuma wannan rabin wata 24 ne kawai maimakon 36. Abokin aikinsa na fanni ɗaya yana da shekara guda ta ƙari da zai cike abin da ya tsere masa. Shi ba shi da ita. Idan ɓangaren yara ba ya samun isassun marasa lafiya masu tsanani, zai gama da takardar shaida amma hannunsa na rawa a gaban jariri.

A ɓangaren yara, tambaya ta farko ita ce asibitin mai zaman kansa ne ko kuwa hawa ne a cikin babban asibiti. Texas Children's a Houston, inda 'yan kwalejin likitanci ta Baylor ke horo, da Cincinnati Children's, da asibitin yara na Philadelphia, da Boston Children's, da Riley a Indianapolis, da Nationwide a Columbus, manyan asibitocin yara ne da ake turo wa cututtukan da suka gagara daga jihohi da dama. A irin waɗannan za ka ga abin da wani likita sai dai ya karanta a littafi. Amma akwai farashi. Inda ƙwararru suka yi yawa, masu zurfafa ƙwarewa ma suna da yawa, kuma su ne a gaba wajen yanke shawara da ayyukan hannu. Sa wa jariri bututun numfashi ko ɗebo ruwan laka na iya wuce ka sau da yawa kafin layi ya zo kanka. A asibitin yara da ke cikin babban asibiti, kamar na Massachusetts General, gadaje ba su kai yawan na waɗancan ba, amma ɓangarorin biyu suna ƙarƙashin rufi ɗaya, na'urar rubuta bayanan marasa lafiya ɗaya ce, kuma kana iya halartar darasin rana na manya alhali kana watan yara. Babu wanda ya fi wani a kowane hali. Abin gudu shi ne ɓangaren yara da ya ƙanƙance har yana tura duk mai tsanani zuwa wani gari. Wannan ba tsoron banza ba ne: asibitoci da yawa a Amurka sun rufe ɗakunan yara saboda gadon babba ya fi kawo kuɗi, kuma a 2022 asibitin Tufts a Boston ya rufe gadajen kwanciyar yaransa ya mai da su na manya.

A ɓangaren manya kuwa, a duba asibitoci nawa ake zagayawa da irin mutanen da ke cikinsu. Asibitin jami'a yana kawo dashen gaɓoɓi da kansa da cututtuka masu wuyar ganewa. Asibitin tsofaffin sojoji, VA, yawanci dattawan maza ne masu ciwon zuciya da huhu da suga, kuma a nan likita mai neman ƙwarewa yakan sami sarari ya riƙe mara lafiya da kansa. Asibitin talakawa na ƙaramar hukuma, irin Ben Taub a Houston, ko Eskenazi a Indianapolis, ko MetroHealth a Cleveland, shi ne zai fi kama da abin da likitanmu ya sani: mutum ya zo a makare saboda ba shi da inshora, cuta ta riga ta yi nisa, ga tarin fuka, ga baƙin haure da ba sa jin Turanci. Shirin da ya haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan ya fi wanda ke da ɗaya kawai, ko da sunan ɗayan ya fi ƙara.

Sai maganar gida. Likitan Med-Peds a shirin da ba a tsara shi da kyau ba kamar agola yake a gidaje biyu. A sashen manya ana masa kallon ɗan yara da ya zo aro, a sashen yara ana masa kallon baƙo, idan aka zo raba kwanan aiki kowane ɓangare ya tuna da shi, idan aka zo raba dama kowane ɓangare ya ɗauka ɗayan ya ba shi. Abin da ke hana haka ba ya wuce 'yan abubuwa da ake iya tambaya kai tsaye. Shin daraktan shirin shi kansa ɗan Med-Peds ne, kuma shekara nawa ya yi a kujerar? Manyan likitoci nawa ne a asibitin suka yi wannan horo, kuma har yanzu suna duba yara da manya ko sun jingine ɗaya? Akwai shugaban likitoci masu neman ƙwarewa na Med-Peds shi kaɗai, mai zama a teburin da ake tsara jadawali? Akwai darasi na mako ko na wata da su kaɗai suke haɗuwa? Idan darakta ya sauya sau biyu cikin shekara uku, ko aka rasa babban likita ko ɗaya da ke aikin fannonin biyu, to shirin yana koyar da abin da shi kansa bai nuna ana iya rayuwa da shi ba.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne kilinik. Duk likita mai neman ƙwarewa yana da marasa lafiya nasa na sha-ka-tafi da zai riƙa gani tsawon shekarun horo. Wasu shirye-shiryen suna da kilinik ɗaya na haɗe, wasu kuma suna tura ka na manya wannan mako, na yara mako mai zuwa. A na haɗe, yammaci ɗaya na iya zama haka: jaririya 'yar wata biyu ta zo allurar rigakafi, kana auna kanta kana tambayar uwar yadda shayarwa ke tafiya, sai ka lura uwar ba ta haɗa ido, ka tambaye ta barci da walwala, ka gane damuwar bayan haihuwa ce, ka buɗe mata nata fayil a nan take domin ita ma marar lafiyarka ce. Na gaba tsoho ne mai shekara 70 da ƙafafu suka kumbura. Bayansa saurayi ɗan 16 mai asma da ya daina shaƙar magani don kunyar abokai. Wanda ke duba aikinka babban likita ne da ya saba da wannan tsalle. Ni ina ganin kilinik na haɗe ya fi, domin nan ne kawai ake aikata Med-Peds a matsayin abu ɗaya. Amma a yi tambaya ɗaya kafin a yaba: kashi nawa na masu zuwa yara ne? Kilinik na haɗe yakan karkata ga manya da tafiyar lokaci, tunda su ne masu ciwon da ke dawo da su kowane wata. Idan yaran sun yi kaɗan, likita zai gama bai ƙoshi da duba lafiyayyen yaro da bibiyar girmansa ba, alhali wannan babban kaso ne na jarrabawar ABP da na aikin yau da kullum.

Girman aji ma yana shiga nan. Wasu shirye-shiryen mutum huɗu suke ɗauka a shekara, wasu kamar na Jami'ar Indiana sun haura goma. A ƙaramin aji darakta ya san kowa har cikin gidansa, amma idan ɗaya ta tafi hutun haihuwa ko wani ya kwanta ciwo, nauyin yana sauka a kan 'yan kaɗan. A babban aji kuna da murya a sassan biyu. Ya kamata a duba yawan 'yan Med-Peds idan aka gwada da na kowane sashe. Inda su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na likitocin ɗakin yara, ba mai iya tsara komai ba tare da su ba.

Wanda ya yi shekarar gwajin aiki a Najeriya, wata uku-uku a sashen manya, tiyata, yara da haihuwa, ya ɗanɗana abin da ake kira sauyi. A Med-Peds wannan sauyin ba ya ƙarewa sai an gama. Jiya da daddare kana rubuta wa dattijo mai ciwon zuciya allurar fitar da ruwa miligiram 40 ba tare da dogon tunani ba. Yau da safe kana tsaye gaban kwalabar bakwaini mai nauyin giram 900, inda kowane magani da kowane ɗigon ruwa sai an lissafa shi da nauyin jiki, kuma kuskuren sifili ɗaya na iya kashe shi. Yawancin shirye-shirye suna sauyawa duk wata uku ko huɗu. Akwai wani lissafi a nan da masu nema ba sa yi. Shekarar horo tana farawa a Yuli. Idan ana sauyi duk wata uku ba tare da an juya tsarin ba, kowace shekara watanni iri ɗaya za su same ka a ɓangare ɗaya. Idan duk wata huɗu ne, lokutan suna zagayawa da kansu. Abin yana da tasiri domin cututtukan yara suna bin yanayi: hunturu na cika ɗaki da jarirai masu sarƙewar numfashi, bazara na kawo raunuka da wasu zazzaɓi dabam. A tambaya yadda shirin ke tabbatar da kowa ya yi hunturu a ɓangaren yara.

Haka kuma tsawon matakin farko ya bambanta. A wasu wuraren bayan wata 12 ake ɗaga ka ka zama mai kula da na ƙasa, a wasu sai wata 16 ko kusa da haka. Wanda aka ɗaga a wata 12 yana jagorantar tawaga da gogewar wata shida kacal a wannan fanni, yayin da takwaransa ke da shekara cikakkiya. Tsawaitawa tana rage wannan fargaba, amma tana nufin ƙarin watanni na aikin da ya fi gajiyarwa. Abin da zan nema shi ne yadda ake riƙe hannun mutum a watansa na farko na jagoranci: ana haɗa shi da wani babba, ko ana fara shi da ɗaki mai sauƙi? Sai kuma tsarin da ke ware makonnin ɗakin kwanciya daga na kilinik, misali mako huɗu a ɗaki sannan mako ɗaya ko biyu a kilinik. Sassan manya da yawa sun koma wannan, sassan yara ba duka ba. Idan ɓangarorin biyu ba su bi tsari ɗaya ba, ɗan Med-Peds ne ke faɗawa tsakani.

Jarrabawa ba ta buƙatar dogon zance. Ta ABIM a watan Agusta ake yi, ta ABP a Oktoba, kowacce kuɗinta ya haura dala 1,000. Ta yara ta yi tsauri a 2021 da 2022, inda masu cin ta a zaman farko wajen kashi 80 cikin 100 ne. A nemi alƙaluman 'yan Med-Peds na shirin su kaɗai a jarrabawar biyu, na shekaru da dama, domin a ajin mutum huɗu faɗuwar mutum ɗaya kashi 25 ce. A kuma tambaya mutum nawa ne suka zauna duka biyun. Idan da yawa suna barin ta yara, wannan ya faɗi wani abu game da wancan rabin.

Shaida mafi gaskiya a kan kowane shiri ita ce jerin inda ɗalibansa na shekara biyar da suka wuce suke aiki yanzu. Wani shirin yana fitar da likitocin kilinik, wani masu aikin ɗakin kwanciya, wani kuma kusan kowa zurfafa ƙwarewa yake tafiya. A nan akwai sauyin da ya kamata mai nema ya sani. Da, ɗan Med-Peds yana gamawa zai iya zama likitan ɗakin kwanciya na manya da na yara lokaci guda. A 2016 aka mai da aikin ɗakin kwanciyar yara fanni mai zaman kansa, aka fara jarrabawarsa a 2019, kuma sababbin masu gamawa sai sun ƙara horon shekara biyu kafin su sami wannan shaida. Wasu asibitocin har yanzu suna ɗauka ba tare da ita ba, manyan na jami'a kuwa suna ƙara nacewa a kanta. Wanda wannan ne burinsa ya tambaya ko akwai likitocin da ke wannan aiki biyu a asibitin, da hanyar da suka bi. Wanda kuma ke son haɗa zurfafa ƙwarewa ta yara da manya, misali a jini ko ƙoda ko zuciyar waɗanda aka haifa da naƙasa, ya nemi wurin da aka taɓa yin haka, domin yawanci sai an shirya shi da hannu tsakanin sassa biyu.

Kusan kowane shiri yana tallar cewa yana da sashen lafiyar duniya, kuma 'yan Med-Peds suna son wannan fage. A bambanta tsakanin tafiyar wata ɗaya da alaƙa mai tushe. Jami'ar Indiana tana aiki da Jami'ar Moi a Eldoret ta Kenya sama da shekara 30, kuma daga nan haɗin gwiwar kiwon lafiya na AMPATH ya fito. Masu bincike na Jami'ar Vanderbilt sun daɗe suna aiki da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kan hana shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila ta hanyar maganin hydroxyurea. Ga wanda ke da niyyar komawa gida ko riƙe ƙafa ɗaya a gida, jami'ar da ke da irin wannan zumunci ta fi wadda ke nuna hotunan tafiye-tafiye. Ya tambaya ko ana biyan albashi a watan da aka yi waje, da ko likitocin can su ma suna zuwa.

Ga likitan da ya yi karatu a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Yamai, akwai wani matakin tacewa da ke gaban duk waɗannan. Mafi yawan guraben Med-Peds ɗaliban makarantun Amurka ne ke cike su, ba kamar fannin manya zalla ba, wanda ke ɗaukar dubban likitocin ƙetare duk shekara. Sai an sami shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin ƙetare, an ci jarrabawar lasisi ta USMLE mai matakai. Tun Janairun 2022 matakin farko ya koma ci ko faɗuwa kawai, don haka makin mataki na biyu ne ake zuba wa ido. Hanya mafi sauri ta sanin ko shiri zai saurare ka ita ce duba hotuna da makarantun likitocin da ke cikinsa yanzu. Idan a cikin azuzuwa huɗu babu ko ɗaya daga wajen Amurka, kuɗin neman da za ka kashe a can ya fi amfani a wani wuri. Rumbunan bayanai na FREIDA da Residency Explorer suna nuna wannan da irin bizar da ake bayarwa. Jerin martaba na Doximity kuwa ya dogara sosai ga ra'ayin likitoci game da suna, ba ya faɗa maka komai kan kilinik ko darakta.

Biza kanta tana sauya lissafi. J-1 ita ce aka fi bayarwa, tana buƙatar takarda daga ma'aikatar lafiya ta ƙasarka, iyakarta shekara bakwai a al'ada, kuma tana wajabta komawa gida shekara biyu bayan gamawa, sai dai in an sami afuwa, kamar ta shirin Conrad 30 da ke bai wa kowace jiha gurabe 30 a shekara ga wanda zai yi aikin shekara uku a yankin da ke ƙarancin likitoci. Shekara huɗu na Med-Peds sun bar uku kacal, waɗanda za su isa zurfafa ƙwarewa ɗaya amma da ƙyar su isa ta haɗe. Bizar H-1B kuwa tana buƙatar cin mataki na uku na USMLE tun da wuri, kuma ba kowane asibiti ke ɗaukar nauyinta ba. Siyasa ma tana shigowa: a Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da ta hana 'yan ƙasarsu shiga. Shirin da ke da ofishi mai gogewa kan biza, wanda ya taɓa riƙe wa likita gurbinsa da takardu suka makara, ya cancanci a ɗaga shi sama a jerin zaɓin mai nema.

Gari ba ƙaramin abu ba ne. Shirye-shiryen sun fi yawa a tsakiyar ƙasar da gabas da kudu, jihohi irin Michigan, Ohio da New York suna da da yawa, yamma kuwa 'yan kaɗan ne. Albashin shekarar farko yana tsakanin dala 60,000 da 70,000 da 'yan kai a yawancin wurare, kuma abin da zai riƙe iyali a Indianapolis hayar ɗaki kawai zai biya a Boston. Musulmi ya duba masallaci da naman halal da makarantar yara, ya tambayi likitocin da ke ciki yadda ake yi da Juma'a da azumi a jadawali. A duba lafiyar aljihun asibitin ma. Da asibitin Hahnemann ya rufe a Philadelphia a 2019, likitoci masu neman ƙwarewa sama da 500 ne suka wayi gari suna neman inda za su ƙarasa, masu biza kuma su suka fi shiga tsaka mai wuya.

Tun 2020 yawancin ganawa ta bidiyo ake yi, don haka ba ka ganin fuskokin mutane a farfajiyar asibiti da ƙarfe shida na safe. Abin da ya rage shi ne tambaya mai kyau ga mutumin da ya dace. 'Yan shekara ta biyu da ta uku sun fi darakta amfani a nan. A tambaye su wane ɓangare suka fi jin ba su shirya masa ba, wane abu suka yi ƙorafi a kai bara kuma me aka yi, da ko wani ya bar shirin ya koma fanni ɗaya. Amsar da ta zo da misali, da sunan wata da abin da aka gyara, ita ce abin riƙewa.

Daga nan sai jerin shirye-shiryen da mai nema zai miƙa bisa zaɓinsa. Hukumar NRMP ce ke raba gurabe tun 1952, kuma lissafin da take amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1990, wanda Alvin Roth ya taimaka wajen tsarawa kafin ya sami kyautar Nobel a 2012, yana farawa ne daga zaɓin mai nema. Sa shirin da kake ganin ya fi ƙarfinka a sama ba ya rage maka damar samun na ƙasa. Saboda haka a jera su yadda ake son su, ba yadda ake hasashen wa zai ɗauka ba, kuma kada saƙon yabo daga wani darakta ya sauya tsarin. Likitan ƙetare kusan dole ne ya haɗa da neman fannin manya zalla ko na yara zalla, da takardar bayanin kai dabam ga kowanne, sannan ya zauna ya yanke shawara mai wuya: Med-Peds a wurin da rabinsa ɗaya ke ɗingishi, ko fanni ɗaya a wurin da ya tsaya da ƙafafunsa. Ni zan sa na biyun a sama. Sakamako yana fitowa a Juma'a ta uku ta watan Maris, kuma duk inda sunanka ya faɗa cikin abin da ka jera, alƙawari ne da ka riga ka sa wa hannu cewa za ka je ka kama aiki a Yuli.